Motar da ba za ta kai Gumel ba

"Kai, wa ya yi wa motar nan lodin ranar kasuwa?"

Da wannan wani dattijo mai gyaran taya a Sa'alaba, nan Saudiyya, ya tare ni yau da safe. Da Hausa garau! Karafan ɗin kafilina, wato ubangidana, na kawo a sa mata iska, irin motar nan mai gado da kicin a ciki, ga ƙaramar motarsa ina ja a baya.

Ni na yi lodin. Tankin ruwa fal, gawayi, janareta, har ƙaramar motar na cusa wa dardumai. Mu a gida ai mota ba ta cika sai ƙofa ta ƙi rufuwa.

Ya nuna mini iyakar nauyinta a jikin ƙofa, ya sa na rage ruwan. Ya ce sai taya ta huce zai auna iska.

Muna jira ya tuɓe takalmi ya shiga ciki, ya shafa katifar.

"Za ta kai Gumel?"

Na ce, "Baba, ai akwai teku a tsakani."

"Na sani. Umara na zo, na baro 'yata a goye. Yanzu ita ke goyo." Ya sauko ya sa takalminsa. "Da zan samu hanya, ko buta ba zan ɗora ba. Yalla, taho, taya ta huce."

Har na isa Aziziyya ban kunna rediyo ba.

'Yan uwa na nesa da gida, da za a ce ku hau hanyar gida yau, me za ku tsaya ɗauka?