Makonnin da Na Zama Idon Malam

Sai da na kai shekara arba'in da shida na fara karatun boko. Wata maƙwabciyata a Ƙuba, unguwarmu a nan ƙasa mai tsarki, tsohuwar malamar firamare, ita ta koya mini, don na gaji da kai wa mutane takarda su karanta mini kamar marar kai.

Shekarar ana zaɓen fid da gwani can gida, ƙasarmu ta haihuwa, kowace jam'iyya na neman wanda za ta tsayar takarar shugaban ƙasa. Duk Juma'a bayan la'asar ƙofar gidanmu cika take da ma'aikatan gonakin dabino na unguwar Awali. Wani mutumin Damagaram mai sharar jirage shi ke tsinto jaridar mako da masu Umara suka bari a kujera, ya kawo wa mijina, Malam, tun Alhamis. Kowa na da waya, amma karatun Malam suke so, don shi ke fayyace wa ya janye, wa gwamnoni suka juya wa baya. Ba mai ƙuri'a a cikinsu ko ɗaya. Wanda ya fi kowa ɗaukar zafi ma ɗan Chadi ne. Ni ina soya waina, ina zuba shayi, ina jin su.

Wata rana ina tsaye bayan Malam da buta na ga abin da ke rubuce daban, abin da yake faɗa daban. Labarin rediyo yake maimaitawa. Da suka watse na tsare shi. Ya ce yanar ido ce ta rufe masa gani, kuma in mutanen nan suka sani, tausayinsa za su riƙa ji maimakon sauraronsa. Wannan zama shi ne abin da ya rage masa tun da ya bar aiki.

Sai muka shirya. Da hantsin Juma'a in karanta masa ina tuntuɓe, shi ya haddace. Mutumin da ya haddace allo tun yana yaro, sau biyu ya ishe shi. Mako shida ba wanda ya gane. Ban taɓa jin daɗin aure kamar waɗannan safiyoyin ba.

Makon babban taron jam'iyya jirgi ya makara. Ana zaune mutumin Damagaram ya iso, ya danƙa wa Malam jaridar a gaban kowa. Malam ya buɗe, ya ƙura wa shafin ido. Na yi sauri na ce tabaransa ya karye, a bari sai wani mako.

"Bar shi, Hajiya," in ji shi. "Zo ki zauna. Jama'a, mako shida da idonta nake karanta muku."

Ɗan Chadin nan ya fara gunagunin yaushe mata suka shiga siyasa. Na ce masa cikin da ya haɗiye wainata shekara goma zai haɗiye karatuna. Aka yi dariya. Na karanta, Malam na fayyacewa kamar kullum. Gwanin ɗan Chadin ya faɗi, ya ce ni na kayar da shi.

Haka muka ci gaba har Allah ya ɗauki Malam. Yanzu kowa na jin labarinsa a waya shi kaɗai. Tabarmar da suke zama a kai na nan a naɗe bayan ƙofa.