Martha Gaiya, Mai Maganin Abokai

Kafin masu ƙosai su ɗora kasko a unguwar Kpakungu, Martha Gaiya ta buɗe ɗakin shan magani, ta zauna tana kallon benci. Ba fuska take dubawa ba, zama take dubawa. Duk wanda ya ɗosana ɓari guda yana cije leɓe, ta san basir ne ya kawo shi. Yawanci direbobin keke mai ƙafa uku ne, masu wuni kan kujera tsakanin Tunga da Limawa.

Kuma ba mai cewa nasa ne. "Mama, abokina ne ba lafiya." Ita ma sai ta biye masa, ta miƙa man shafawa: "Ka gaya wa abokin naka ya zauna cikin ruwan ɗumi, ya shafa safe da yamma, ƙaiƙayin zai lafa. Ya rage yaji, ya yawaita ganye." Wallahi rabin mazan unguwar nan abokansu a hannunta suka samu sauƙi.

A kan wani direban keke, Ndaliman, kaɗai ta karya wannan al'ada. Ya daɗe yana karɓa wa aboki. Ran nan ya shigo yana dafa bango, tafin hannunsa fari fat, ga jini a bayan wandonsa.

"Mama, ƙara masa ɗaya. Gobe ma wanzami zai yanke masa, a huta."

Ta taɓa ganin wanda aka sa wa aska a wurin. Jinin bai tsaya ba sai da rai ya fita.

"Babu," in ji ta.

"Haba Mama, ga man can ina gani!"

"Man shafawa na ƙaiƙayi da raɗaɗi ne, ba ya mayar da jini. Ndaliman, yau ban san wani aboki ba, kai nake gani."

Kunya ta kama shi, ya juya a fusace ya nufi kekensa. Ta riga shi, ta zare makulli ta cusa a aljihu.

"Zage ni son ranka, ɗana. Asibiti za mu, ko ka bi ta kaina."

Ya buɗe baki zai yi magana, jiri ya kwashe shi. A kekensa aka kai shi babban asibiti, tana tallafe da kansa tana kiran sunansa. Sai da aka ƙara masa jini kafin likitoci su yi aikinsu.

Martha, ke ce mai rufin asiri, ke ce kuma kika san ranar da rufin asirin zai zama likkafani. Bana kika ajiye aiki. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku da kuka gaji kujerarta, ku koyi kallon benci.

Ranar da aka yi mata walimar ban kwana, Ndaliman ya miƙe cikin jama'a.

"Mama, abokina ya ce in gaishe ki. Ya ce in gaya miki yana raye."