Makaniki a Layin Rigakafi

Tun rasuwar aminiyata, ni nake kai ɗanta allurar rigakafin mura. Yau a gabanmu akwai wani ƙaton makaniki, faratansa baƙi ƙirin, yana rungume da 'yarsa. Kitsonta duk ya karkace; da gani, shi ya yi da hannunsa. Wataƙila su ma an yi musu rashi.

"Kada ki ji tsoro, uwata," yake ta faɗa mata.

Nas ta ɗauko allura, sai uban ya runtse ido.

"Maigida, kai zan yi wa ko ita?"

Da aka yi mata allurar, yarinyar ko tari ba ta yi ba. Da aka ba ta alewa, sai ta tura masa a baki.

"Ungo, Baba. Kai ka fi shan wahala."