Hoton Kaka da Ƙaramar Kyamarata

Ƙyas! Har yau ina jin wannan ƙara a kunnena, ƙarar baƙar kyamarar da mai shago ya ɗana a gabanmu a Kano. Daga Rano na taso da kuɗin ɗan akuyata da na sayar, taubashiyata kuma, 'yar gwaggona, ta taso daga Kibiya da abin da yayanta ya aiko mata. Burinmu ɗaya: mu ɗauki Kaka hoto, don duk tsawon rayuwarta ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba.

Baƙar nake so. Tana da nauyi a hannu, ga dogon baki mai fitowa ya koma. Da mai shago ya faɗi kuɗinta sai na ajiye ta a hankali, kamar jaririn wasu. Taubashiyata ta ɗauka ta rataya a wuya. Ni kuwa aka miƙo mini wata 'yar farar kyamara, ta hannu, wadda ba ta fi sabulun wanka ba.

"Wannan ma tana aiki, Hajiya," in ji shi. "Har kwanan wata take bugawa a gefen hoto."

"To Alhamdu lillahi," in ji taubashiyata, "ko hoton bai fito ba, kin samu kalanda."

Na yi dariya don wasan taubasai ba a fushi da shi, amma har muka iso Rano idona na kan igiyar da ke wuyanta. Ban ko tsaya an saita mini kwanan watan ba.

Ranar Juma'a muka tafi Rurum Tsohon Gari. Mun tarar da Kaka a tsakar gida tana sheƙar dawa. Matan gidan suka yi caa a kan baƙar kyamara, kowa na gyara ɗankwali. Ba wadda ta tambayi tawa.

"Kau da bakin bindigar nan daga kaina," in ji Kaka.

"Haba Kaka, sau ɗaya dai!" in ji taubashiyata. "Ko tsoro kike a ga giɓin?"

"Giɓin da ya ci tuwo kafin a haifi uwarki?"

Sai ta fashe da dariya, ƙaiƙayi na tashi a kanta cikin hasken la'asar kamar garin zinariya. Ƙyas, ƙyas, baƙar ta yi ta amsawa. Ni ina kafaɗa da kafaɗa da mai ita, ina danna tawa ba tare da na duba ba. Rana ta dushe ɗan gilashin da ke nuna hoton, zuciyata kuma ta riga ta yanke cewa ba abin kirki da zai fito.

Da taubashiyata za ta kai wankin hoto sai ta karɓi katin kyamarata ta haɗa da nata. Ban je na karɓi nawa hotunan ba. Me zan gani?

Hoto ɗaya ne ya yi fice. Aka ƙara masa girma, aka sa a firam, aka rataye a ɗakin gwaggo a Kibiya. Duk wanda ya shiga sai ya tsaya: "Kai, yarinyar nan da hannu take! Abu mai tsada ai daban ne." Bayan rasuwar Kaka har kuka ake yi a gabansa. Ni ma ina yi, amma nawa kukan ba tsarkakakke ba ne, da kishi a ciki. Nakan zauna in ba shi baya. Kyamarata na jefa ta ƙasan akwati, cikin tsofaffin littattafan makaranta, ban ƙara ɗaukar komai da ita ba.

Shekaru sun shuɗe. Wata rana iska ta bugo ƙofa, firam ɗin ya faɗo, gilashin ya tsage. Gwaggo ta ce, "Ke mai nutsuwa, cire mini shi kada ya yage."

Na zare hoton daga cikin katakon. A kusurwar ƙasa, inda firam ya rufe duk shekarun nan, ga wasu ƙananan lambobi masu ruwan lemo, kwanan watan da ba a taɓa saitawa ba. Baƙar kyamara ba ta buga kwanan wata.