Gargasar da Muka Shuka a Hayin Gulbi

Baba ba ya wuce mutane suna zaune shi yana bisa abin hawa. Haka ya yi fataucinsa na hatsi da jakuna tun yana saurayi: in ya hango dattawa a gindin itace sai ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya gaisa, ya taka da ƙafa har sai ya ba su baya sannan ya sake hawa. Na san da wannan tun ina ƙarami. Abin da ban yi tunani ba shi ne zai yi wa babur irin yadda yake yi wa jaki.

'Yan shekaru ne bayan samun mulkin kai. Ina koyarwa a makarantar firamare a Dutsin-Ma, gidanmu kuma yana Dabawa. Na sayi wani ƙaramin babur a hannun wani malamin asibiti da aka yi wa canjin wurin aiki. Ƙaramin inji gare shi, kukansa kamar na keken ɗinki, kuma yana da hali ɗaya: in ya yi zafi aka kashe shi, ba ya tashi sai ya ga dama.

A bazarar shekarar gobara ta ci rumbunmu guda, wanda irin shuka yake ciki. Hatsin ci bai dami Baba ba, don akwai wani rumbun. Abin da ya hana shi sakewa gero ne mai gashi a zangarniya, wanda muke kira gargasa, tsuntsu ba ya iya sauka a kansa. Kakansa ne ya zo da irin, kuma tun daga lokacin ba a taɓa yin damina ba a shuka shi a gonarmu ba. Wuri ɗaya ya rage da ake da shi: gidan Gwaggo, yayar Baba, wadda ta tafi da 'yan zangarniyu ƙauyen mijinta, can gaba da Kurfi, ta ci gaba da shukawa a bayan gida. A gidanmu ba a aike a karɓo iri. Mai gona ne yake zuwa da ƙafarsa ya roƙa. Ga shi shamuwa ta riga ta iso, gawo ya fara zubar da ganye, kowa ya san ruwan shuka yana hanya. Gonarmu jigawa ce, in ruwa ya sauka ba ta riƙe laima. Dole irin ya iso gida kafin ruwan.

Na ce wa Baba, "Mu tafi a babur. Abin da jaki zai yi a kwanaki, shi yini guda ne."

Ni ne ɗansa na fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Da na fara koyarwa sai ya sami mafita, ya koma ce mini Malam. Ya zagaya babur ɗin yana kallo, ya ce, "Malam, wanga abu naka mi yake ci?"

"Fetur, Baba."

"In ya ƙare a daji fa? Jaki dai ko kara ya samu ya ci."

Na nuna masa galan da na ɗaure a gefe. Ya yarda, amma bisa sharaɗi: ba za mu bi hanyar mota ba. Ya ce manyan motoci ba su san darajar mutum ba. Tsohuwar hanyar fatake za mu bi, wadda ya sani.

Muka tashi bayan rana ta ɗan ɗaga. Ya naɗe babbar rigarsa a cinya, ya riƙe kafaɗata da hannu ɗaya, carbi a ɗayan. Har yau in na rufe ido wannan safiyar nake gani kafin kowace. Duwatsun garin suna ja da baya a hankali, kamar su ne suke tafiya mu muna tsaye. Gonaki an share su fes, hayaƙin karan da aka ƙone yana miƙewa sama siriri ba iskar da za ta karkata shi. Hanyar ba ta fi faɗin tabarma ba, fara, tana lanƙwasa tsakanin goriba da kalgo, wani wuri ta ɓace cikin yashi ta sake ɓullowa gaba. Kukan injin ya daidaita har na daina jin sa. Sai muryar Baba a bayan kunnena, yana ba wurare sunayen da ba kowa ya sani ba: nan ne jaki ya taɓa kwanta musu da kaya, can rijiya ce mai ruwan zartsi, waccan kukar aljanu gare ta amma ba su da faɗa. Can gaba kawalwainiya tana rawa a kan fako, shanu suna tafiya a cikinta kamar ba ƙafafu.

Sai ya dafa ni da ƙarfi. "Tsaya. Ga mutane."

Dattawa ne a gindin tsamiya. Na rage gudu na ɗaga musu hannu. Baba ya ce, "Kashe shi. Ana gaisuwa abu yana gunaguni?"

Na kashe. Muka sauka, muka tuɓe takalma. Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiya da zafi, aka jajanta gobara, aka kawo ruwa a ƙwarya. Na tura babur har muka ba su baya. Na buga, ya ƙi. Na sake bugawa, ya yi tari ya yi shiru. Sai da na kwance fulogi na goge, na jira ya huce.

Haka muka yi ta yi. Kowane ƙauye da gindin itacensa, kowane gindin itace da dattawansa. Daga baya, da na yi shekaru a aikin rediyo inda ake auna magana da daƙiƙa, na kan tuna ranar in yi lissafin cewa zaman da muka yi ya fi tafiyar yawa. Amma a ranar ban ji haushi sosai ba. Akwai wani irin daɗi a cikin shirun da yake biyo bayan kashe inji: kukan kurciya ya dawo, a ji sassakar wani daga nesa, a ji iska a ganyen giginya.

Da la'asar muka iso wani gulbi. Ba ruwa, sai yashi fari mai faɗi, mata sun tona ramuka a tsakiya suna kwalfa. Na tura babur, Baba yana tafe a baya da takalmi a hannu. A hayin, wani tsoho sa'an Baba yana zaune yana gyara ƙotar sungumi. Ya bar aikin yana kallon yadda nake haki.

Ya ce wa Baba, "Sannu baƙo. Wai shi ke ɗaukar ku ko ku ke ɗaukar shi?"

Baba ya ce, "Karɓa-karɓa muke yi. Yanzu lokacinsa ne na hutawa."

"Allah sarki. Da ka zo da jaki ai da na ba shi dusa. Wannan ko ban san abin da zan yi masa ba."

"Yi masa addu'a, Malam. Ita kaɗai yake ji."

Suka yi dariya kamar sun san juna tun kaciya. Suka zauna hira kan irin dawa da na gero har inuwa ta yi tsawo. Muka kwana a Kurfi a gidan wani abokin fataucin Baba, washegari muka bi ta wajen Rawayau, don akwai wanda aka yi wa rasuwa kuma ba zai yiwu a ji mun wuce ba. Sai da rana ta karkata muka shiga ƙauyen Gwaggo.

Ta fito tana kare ido da hannu. "Wa nake gani haka a bayan ƙarfe? Kai da ko raƙumi kake tsoro?"

Baba ya durƙusa ya gaishe ta. Bai ambaci iri ba sai da aka ci tuwo aka sha hira. Sannan ya ce, "Yaya, rumbun gidanku ya ƙone. Na zo roƙon abin kakanmu."

Ta ce, "Ai na ji. Na ce in ga ko za ka aiko yaro, in kore shi." Ta shiga ɗaki ta kwanto wani ɗan dami daga rufin, wanda hayaƙi ya mai da ja. Ta raba biyu, ta sussuke rabi da hannunta, ta zuba a jakar fata, ta ɗaure. Ta ce mini, "Kai kuma ɗana, in ka kayar mini da ƙane ka dawo ka gaya mini. In ka zubar da wannan kada ka dawo."

Da safe muka juyo. Gabas ta yi duhu tun hantsi, iska ta mutu, tururuwa suna ɗibar ƙwai a gefen hanya. Na ce, "Baba, yau dai a yi mana afuwa. Mu ɗaga hannu kawai. In gulbin nan ya kawo ruwa kafin mu haye, shi ke nan."

Na san yana kallon hadarin, na san jakar tana cikin rigarsa a kan ƙirji. Ya ce, "Mutanen da suka ba mu ruwa shekaranjiya? Mu wuce su kamar motar gwamnati?"

Muka tsaya. Ya taƙaita gaisuwar, wannan kam na shaida, amma babur bai san an taƙaita ba. A tsayawa ta ƙarshe ya ƙi tashi har iska ta taso, mai sanyi, mai ƙanshin ƙasa. Ruwan ya same mu a fili. Ban taɓa tafiya irin wannan ba: duniya ta zama fara, hanya ta zama rafi, babur yana lilo a ƙarƙashinmu kamar kwalekwale, Baba yana salati a hankali da hannu biyu a ƙirji. Da muka iso gulbi, yashin da na tura babur a kai babu shi. Jan ruwa ne daga gaɓa zuwa gaɓa, yana tafe da itatuwa.

Tsohon nan mai sungumi ya karɓe mu a zaurensa. Ya ce ruwan daga can saman gulbi yake gangarowa, zai yi kwanaki bai faɗi ba. Da gari ya waye ƙauyen duka ya fita gona. Baba ya tsaya a ƙofar zaure yana kallon mutane layi-layi, mai sara a gaba, masu zuba iri a baya. Ya duƙa ya damƙi ƙasa, ya matse, ya buɗe hannu. Ta dunƙule. Ruwan shuka ne sosai, ga iri a ƙirjinsa, ga gonarsa a wancan hayi.

Tsohon ya ce, "Baƙo, kana kallon ƙasa kamar mai kallon amaryar wani."

Baba ya ce, "Malam, ko kana da inda ba ka shuka ba?"

"Akwai wata saura a bayan kukar can. Ƙarfina bai kai ba. Aro kake so?"

"Aro."

"To, ga sungumi. Amma ɗan naka zai iya? Na ga hannun alli gare shi."

Ni na yi sara, Baba yana bina yana zuba iri yana rufewa da diddige. Rabin jakar ya shuka, ya ɗaure sauran. Da muka kai ƙarshen kunya ta ƙarshe, sai ya ɗaga hannu ya yi addu'a, tsohon ya shafa tare da mu.

Da gulbi ya faɗi, samari suka ɗauki babur a ka suka haye da shi. Muka tarar laimar gonarmu ta tafi. Sauran irin ya jira ruwa na biyu, wanda ya makara, ya tsiro, sai fari ya kama shi yana ƙarami. Abin da ya tsira bai kai a kira shi iri ba.

Saboda haka daminar nan duka a hanya na yi ta. Duk ranar da ba makaranta sai in ɗauki Baba mu tafi duba gargasa. Na koyi inda laka take kama taya, da inda ake hayewa in ruwa ya kai gwiwa, da yadda ake yin faci a ƙarƙashin kalgo. Hanyar da na sani fara ta koma koriya, gero ya rufe ta har muna tafiya kamar cikin rami, ganye yana shafar kafaɗunmu, raɓa tana jiƙa mana wando. Dattawan gindin itace suka saba da mu. Tun daga nesa in sun ji kukan injin sai wani ya ce a gyara tabarma. Ni da kaina nake kashewa kafin Baba ya dafa ni.

Da kaka gargasa ta yi kyau a bayan kukar. Tsuntsaye suna ta shawagi a kanta ba su sauka. Baba ya zaɓi zangarniyu mafi tsawo ya ɗaure daban, ya ajiye wa tsohon dami a ƙofar zaure, na godiya.

Tsohon ya ce, "Na ci ne ko na shuka?"

Baba ya ce, "Shuka. In nawa ya sake ƙonewa, nan ya fi gidan Yaya kusa."

Sauran aka bar wa jakuna su kawo. Damin irin kuwa Baba ya ce ba zai bi jaki ba. Muka ɗaure shi a bayan babur, a gicciye, ya fi babur ɗin faɗi, Baba ya zauna a matse tsakanina da shi. Muka kama hanyar Dabawa a hankali, gashin zangarniya yana shafar ciyawar gefen hanya dama da hagu.