Kiliyar Baba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar mahaifina, amma har gobe in ka je Dandamisa ka ce gidan Baba Kiliya kake nema, za a nuna maka.

Makaniken jiragen soja ne a Kaduna tun zamanin masu farfela, waɗanda fistin ɗin injinsu ke jere a zagaye kamar mutane sun kewaye akushi. Ya ce ba a tayar da irin wannan inji sai an juya farfela da hannu, sannan a ɗaga murya a ce "Kiliya!", wato kowa ya kauce. Wata rana wani abokin aikinsa bai ji ba. Baba bai taɓa ƙarasa mana labarin nan ba, iyakarsa ya ce Allah Ya jiƙansa.

Da ya bar aiki ya dawo gida ya kafa injin niƙa, da kiliyarsa ya dawo. Kafin ya ja hannun inji sai ya ƙwala ta, ya kuma zagaya ya duba bayan bel. Tsofaffin unguwa suka ɗauka Kiliya sunan aljanar injin ne, har wata ta taɓa kawo mata turare! Inna kan ce, "Haba Malam, injin niƙa ne fa, ba jirgi ba." Shi kuwa ya ce, "To, shi bel ɗin ya san da haka?"

Ina ƙarama, wata rana awarwarona ya gangara ƙarƙashin inji. Na lallaɓa baya na zura hannu tsakanin bel da ƙafar da ke juya shi. Layi ya yi tsawo, mata na ta azalzalar Baba. Na ji kiliyar sarai, amma tsoron faɗa ya sa na yi tsit. Bai ja ba. Ya zagayo kamar kullum, ya gan ni. Ko zagi bai yi ba, ya zauna a kan buhun dawa.

Yanzu injinan lantarki ne, a danna kawai su tashi ba gargaɗi. Na san da yana raye zai yaba sauƙin, amma wallahi sai ya tambaya wa ke zagayawa.

Ina kewarsa ƙwarai. An sayar da injin tuntuni, jiragen ma an daina yayinsu. Hannun nan dai yana nan da yatsunsa biyar, da shi na rubuta wannan. Allah Ya jiƙan Baba.