Ruwan da Bai Sauka a Soronmu Ba

Makon jiya na tsinci kaina a wani butik, wato shago, na kayan lantarki a tsakiyar Tamanrasset, ni da 'yata ta fari, muna kallon wani abu mai kama da cokula a kan sanda. Mai butik ɗin, wani Balarabe mai yawan magana, ya juyo fanka ta fuskanci abin, sai cokulan suka kama juyawa ƙir-ƙir-ƙir. 'Yata ta tafa hannu don murna. Ni kuwa gabana ya faɗi, har sai da na dafa teburinsa.

Tun ranar da malamarsu ta lekkol, wato makarantar boko, ta kai su inda ake auna yanayi, yarinyar nan ta hana ni sakat. Na'urar gida take so, irin wadda ake kafawa a saman soro ta riƙa faɗin zafi da iska da yawan ruwan sama. Babanta ya ce in je in zaɓa mata, ya zame jikinsa kamar yadda ya saba. Ban san komai a kan na'ura ba, gaskiya. Amma na tashi gida ɗaya da mai duban sama, kuma na ga yadda abin ya ƙare mata. Abin da nake tsoro ke nan, kada 'yata ta gaji wannan.

Kakata ta wajen uba nake nufi. Daga wani ƙauye na ƙasar Damagaram Baba ya ɗauko ta bayan rasuwar mijinta, ya kawo ta gidanmu na unguwar Tahaggart. Lokacin ban daɗe da shiga lekkol ba. Ta zo da tabarma, da ƙullin daddawa, da raini mai yawa ga wannan gari. Ta ce garin da ba a jin kukan kwaɗi ba gari ba ne, zango ne. Ba gona, ba turmin maƙwabta, ba tsarar da za ta yi gulma da ita. Abu ɗaya ya rage mata daga gida, shi ne sanin sama.

Can ƙauyensu, in ji Baba, maza ba sa fitar da iri sai sun ji ta bakinta. To a nan ma ba ta zauna ba. Ta sa aka kafa mata sanda a saman soro, ta ɗaura tsumma a kai don ta ga inda iska ta nufa. Ta rataye guntun kantun gishirin Balma a inuwa, kowace safiya ta shafa shi ta ji ko ya yi laushi. Ta ajiye gwangwanin tumatir a kan katanga don tarar ruwa, in an yi ta tsoma yatsa ta ga iyakar gaɓar da ya kai. Gwangwanin nan yakan shekara bai ga komai ba sai yashi da kashin tsuntsu, amma kullum sai ta kakkaɓe shi. Ni ce mai riƙe mata tsani, kuma ladana zagi ne in tsanin ya motsa.

Kada ka ɗauka wasan tsufa ne. Tana cin daidai. In ta ce a shigar da awaki yau sanyi zai sauko, washegari sai mu tarar ruwan buta ya daskare. In ta ce iska za ta tashi bayan azahar, Inna ta kwashe shanya, kuma iskar ta tashi. Kafin a jima matan layinmu 'yan Nijar sun gane hanya. Wannan ta zo tambaya ko ta baza kuɓewarta, waccan ko ta wanke barguna. Har samari masu buga bulo sukan leƙo su ce, "Iya, yau mu kwaɓa siminti?" Sai ta ɗaga kai, ta kanne ido ɗaya, ta ja musu rai kafin ta amsa. A wannan lokacin ne kawai nakan ga Kaka ta yi kama da wadda take garinsu.

Idan ba ka san Tamanrasset ba, akwai wata babbar ƙorama da ta ratsa garin. Busasshiya ce kusan kullum, yashi ne shimfiɗe, yara na buga ƙwallo a ciki, raƙuma na kwanciya. Rumfar Baba tana Kasuwar Assihar, can tsallake, inda yake sayar da atamfa da turare. Kowace rana Inna takan kai masa abinci, kuma kamar kowa, cikin ƙoramar take bi, don zagayawa ta hanyar mota nisa ne ga mai goyo.

Ranar da nake ba ka labari, ƙarshen watannin zafi ne, lokacin da can gida gero ya fara fitar da kai. Da hantsi tsohon Buzu mai kawo mana gawayi ya zo da jakinsa. Mutumin Agadas ne amma ya tsufa a nan. Yana sauke buhu ya ce wa Inna tun jiya da yamma yana ganin walƙiya a kan duwatsun arewa, yau kada kowa ya bi ƙorama. Inna ta shigo jikinta a sanyaye, ta durƙusa gaban Kaka.

"Iya, kin ji abin da mai gawayi ya ce."

Kaka ta hau soro, ina riƙe da tsani. Ta shafa gishiri, ƙam yake. Tsumma ya rataye, ko motsi ba ya yi. Ta juya gabas ta daɗe tana kallo, sama tar, ba ko ɗigon gajimare. Arewa kuwa kallo ɗaya ta yi mata.

"Hadari daga gabas yake tasowa," in ji ta da ta sauko. "Na tsufa ban ga ruwa ya zo wa mutum ta bayan kunne ba. Shi mai gawayi ya yi ta gawayinsa. Je ki kai wa yaron nan abincinsa."

Na ga Inna ta tsaya jim. Amma matar ɗa ba ta musa wa uwar miji a kan abin da unguwa duka ta sallama mata. Ta goya ƙanena, wanda ko zama bai fara ba, ta ɗauki langa a hannu, ta fita. Zane shuɗi ne a jikinta.

Ba a daɗe ba muka ji ƙarar. Da farko na ɗauka manyan motocin kaya ne suka shigo gari a jere. Sai dai ƙarar ba ta wucewa, ƙaruwa take yi, kuma akwai wani wari na jiƙaƙƙiyar ƙasa da ban taɓa ji ba. Karnuka suka ɗauki haushi. Wani ya wuce ƙofarmu a guje yana ihu da Larabci cewa ƙorama ta kawo. Kaka tana tsintar wake. Ta ɗago ta dubi sama, rana tana nan tsaye a kanmu. Ta sake duba. Daga nan ta tashi, faifan ya kife, ta fita ba takalmi, ni ina bin ta ina kuka.

Abin da muka tarar a bakin gaɓa har yau yana zuwa mini in na ji motar kaya daga nesa. Ruwa ne ja, mai kauri kamar kunu, daga wannan gaɓa zuwa waccan, yana tafe da kututturen itace da tayoyi da kwanon rufi. Akuya ta wuce ƙafafu sama. Kuma rana tana dukanmu, ƙasar da muke tsaye a kai tana ƙona ƙafa. Can bisa duwatsu aka yi ruwan, inda ba mu gani, ya gangaro ya same mu cikin fari. Mutanen garin sun san haka tun kakanninsu. Mu baƙi muka zo da ilimin fili, inda ruwan da zai jiƙa ka sai ka gan shi tafe.

Jandarma suna kora mutane baya. Hanyar mota ma ruwa ya shanye ta, gari ya rabu biyu. Lokacin salula ba ta shiga hannun kowa ba, ba wanda za a kira. Duk abin da ya wuce mai launin shuɗi, leda ce ko tsumma, sai Kaka ta matse hannuna har in ji ƙashi. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi salati da ƙarfi kamar sauran mata ba. Na tambaye ta ko Inna ta riga ta haye. Na sake tambaya, ta ce in yi mata shiru don Allah.

Haka muka tsaya har aka kira la'asar. Sai wata maƙwabciya ta nuna tsallake ta ce ga jar hular Baba can. Shi ne. Kusa da shi ga Inna, ba kallabi, zanenta ya koma launin laka. Na yi tsalle ina kiran ta. Kaka ba ta yi murna ba.

"Ina yaron?" in ji ta.

Daga inda muke gaban Inna kawai muke gani, hannayenta a sake. Kaka ta yi ihu, matan suka taya ta, ruwa ya cinye muryoyin duka. Baba sai ɗaga hannu yake yi, bai gane ba. Sai Kaka ta cire mayafinta, ta dunƙule shi, ta ɗora a bayanta, ta juya wa ruwan baya tana bubbuga dunƙulen kamar mai lallashin jariri. Tsohuwa, kai ba lulluɓi, a gaban maza. Inna ta gane. Ta juya a hankali. Ga shi nan a goye, ɗan kansa yana motsi. Kaka ta zauna a ƙasa daɓas, sai a lokacin hawaye suka zo mata.

Washegari suka dawo gida. Ashe masu gini ne a bakin gaɓa suka ji ƙarar, suka yi wa Inna ihu, suka jawo ta sama ruwa yana kai mata ƙugu. Langar ta tafi. Baba bai ce wa mahaifiyarsa komai ba, Inna ma haka, ta ci gaba da kai mata ruwan alwala kamar da. Ina jin da sun yi mata faɗa da ya fi mata sauƙi. Ta sa aka sauke sandar. Gishirin ya ƙare a miya, gwangwanin ya koma na kwasar toka. Mata suka ci gaba da zuwa tambaya na ɗan lokaci, sai ta ce Allah ne masani, ta juya fuska. Ta yi shekaru bayan haka, amma ban ƙara riƙe mata tsani ba, kuma ban ƙara jin ta zagi garin ba.

To ka ga abin da na shiga butik ɗin nan da shi. Balaraben ya jera mana iri-iri. Akwai ƙarama mai faɗin zafi da laima kawai, 'yata ta taɓe baki. Akwai babba mai aika komai cikin salula, ya ce har ƙawayenta za su riƙa gani. Na ce ya mayar da ita kwalinta. Kaka layi ɗaya take ba amsa, ba zan ɗora wa yarinya rabin gari ba. Muka tsaya a kan ta tsakiya, mai auna iska da ruwa. Ya yi mana bayani cewa a sa ma'aunin zafin a inuwa don rufin soro yana ƙara masa wuta, a riƙa kakkaɓe mazurarin ruwan don yashi yana toshe shi, a canja pil, wato batir, kafin sanyi. 'Yata tana ta gyaɗa kai kamar an naɗa ta sarauta.

Na ce masa, "Wacce ce a cikinsu take jin ruwan da aka yi a dutse?"

Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, inda kika kafa ta nan take aunawa."

Sai idona ya kai kan fuskar na'urar. A kusurwa ga hoton rana, mai haske, har da 'yan tsinkayenta. Na tambaya, ya ce hasashen yini ne, daga nauyin iska take lissafawa, wani lokaci rana, wani lokaci gajimare. Na ce a ba ni wadda ba ta da shi. Ya ce duka da shi suke zuwa, ai shi mutane suka fi so.

Mun saya. Da muka isa gida na ɗauko filastar ciwo na manne a kan hoton. 'Yata ta ce na ɓata mata abu sabo, ta kumbura fuska. Na zaunar da ita na ba ta labarin nan, wanda ko Inna ba ta taɓa ba ta ba. Ta saurara, amma ban san iyakar abin da ya shiga ba. Yanzu zamani ya canja, akwai gada, akwai saƙon gargaɗi a salula. Amma ƙoramar tana nan, kuma har gobe ita ce hanya mafi kusa ga mai sauri.

Shekaranjiya da safe, cokulan suna ta juyawa a saman soro, maƙwabciyarmu ta leƙo da kwandonta, za ta kasuwa. Labari ya riga ya zaga layi. Ta ce wa 'yata cikin wasa, "Malamar sama, yau lafiya in yanke ta ƙorama?"

Ina bakin murhu. Ludayin ya tsaya a hannuna. Na ga yarinyar ta kalli na'urar, na ga yatsanta ya kai gefen filastar, na ga irin daɗin nan na wanda aka zo tambaya ya hau fuskarta. Na san shi sarai.

Sannan ta janye hannu ta ce, "Gwaggo, tawa ta soronmu kawai ta sani. Ki bi ta gada."